Iri da Dashe a Lokacin Kulle: Yadda Mai Lambu Zai Tsira da Daminarsa

Ranar Alhamis 16 ga Afrilu, 2020, da ƙarfe goma na dare, aka rufe Kano saboda korona. Kaduna ta riga ta da makonni uku, tun 26 ga Maris. Daga farkon Mayu aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, ba a sake hanya ba sai 1 ga Yuli. Duk wanda ya san aikin ƙasa, in ya dubi waɗannan ranaku zai ga inda gizo ke saƙa: su ne makonnin sharar gona, da neman iri, da zuba reno. A Zariya ruwa kan zauna daga tsakiyar Mayu zuwa farkon Yuni, a Kano cikin Yuni, a Katsina da Maraɗi da Damagaram sai ƙarshen Yuni ko cikin Yuli. Wanda iri ya iso masa bayan an yi wata guda ana ruwa, ya samu iri amma ya rasa shekara, musamman a can arewa inda daminar kanta ba ta cika wata uku da rabi ba.

Irin bai ƙare a duniya ba. Hanyar da yake bi ce ta toshe, kuma kowane iri da tasa hanyar.

Na kabeji da karas da kokwamba da tumatir ɗan aure (wanda aka samar ta hanyar haɗa iri biyu), mafi yawansa daga waje yake zuwa cikin gwangwani ko 'yar leda mai hatimi, ta hannun kamfanoni irin su East-West Seed da Technisem. An rufe filayen jiragen sama ga jiragen fasinja na ƙasashen waje tun 23 ga Maris, iyakokin ƙasa kuwa a rufe suke tun Agustan 2019, har sai Disamban 2020 aka buɗe Illela da Maigatari. Wannan ya shafi har irin albasar Galmi da ke shigowa daga Nijar. Na biyu shi ne irin da ake sarrafawa a gida: masara, dawa, wake, gyaɗa, waɗanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ke fitarwa, kamfanoni su yaɗa. Da yawa daga cikin kamfanonin nan a Zariya suke, wato cikin jihar Kaduna da ke kulle a lokacin. A takarda, kayan noma ba sa cikin abin da aka hana wucewa. A kan hanya kuwa shingaye ne ba iyaka, direbobi suka ja baya, kuɗin mota ya tashi.

Na uku shi ne mai shagon bakin kasuwa da mai kasa iri a tire ranar kasuwar ƙauye, kuma nan ne ƙaramin mai lambu ya fi jin jiki. Da aka sassauta a Kano cikin Mayu, Litinin da Alhamis aka ware na 'yan sa'o'i, kasuwannin da aka ambata su buɗe su ne na kayan gwari da na marmari, 'Yankaba da 'Yan Lemo. Ana iya sayen tumatirin miya, ba a iya sayen irinsa. Hatta a Ingila haka ta faru: an rufe shagunan sayar da dashe daga 23 ga Maris zuwa 13 ga Mayu, daidai lokacin shukarsu, tsirrai masu yawa suka lalace a hannun masu reno. Dashe ba kamar buhun hatsi ba ne da za a jingine a jira.

Kafin a tashi neman komai, a fara raba abin da lokacinsa ya yi da wanda bai yi ba. Rabin hankalin da ya tashi a bazarar 2020 ya tashi ne a kan irin da ba a buƙatarsa sai bayan wata biyar. Karas, kabeji, latas, tafarnuwa da babbar albasa duk 'yan sanyi ne, renonsu daga Satumba zuwa Nuwamba yake. Latas ma in ƙasa ta wuce zafin digiri 30 irinsa kan ƙi tsira gaba ɗaya, a ɗauka ya mutu alhali barci yake. Abin da damina ke so shi ne kuɓewa, alayyahu, yakuwa, rama, lalo, kabewa, gauta, yalo, barkono, attaruhu, tattasai, wake, gyaɗa, dankalin Hausa da zogale. Abin daɗin shi ne kusan dukkansu ana samun irinsu ba tare da an taka ƙofar shago ba.

Abin da ke cikin kwandon cefane

Sharaɗin farko shi ne nuna. Ƙwayar iri ba ta ƙosa sai ɗan ya nuna a jikin uwarsa. Shi ya sa kuɓewar kasuwa ba ta ba da iri: ana cire ta tana 'yar kwana biyar ko shida da fure, ƙwayarta fara ce mai taushi. Busasshiyar kuɓewar miya ma haka, ɗanya aka yanka aka shanya. Irin kuɓewa sai wadda aka bari ta bushe a kara har ta fara tsagewa, ƙwayar ta yi duhu ta yi tauri, kuma wannan a hannun tsofaffin mata da manoman ƙauye ake samunta, galibi rataye a saman murhu inda hayaƙi ke korar ƙwari. Kokwamba da koren tattasai duk hukuncinsu ɗaya da kuɓewar kasuwa.

Jan tattasai, attaruhu da ya nuna sarai, busasshen barkono, kabewa, kankana, tumatir ja wur, waɗannan ƙwayarsu ta ƙosa. Gurguzu, wato irin yakuwa, ana samunsa wurin masu daddawar batso. Gyaɗa a nemi mai ɓawo a ɓare da hannu, domin injin ɓara yana tsaga ƙwaya ta ciki ko da ido bai gani ba. Wake a tsince, a zubar da duk mai huda.

Sharaɗi na biyu ya fi wuyar ganewa, kuma shi ne ya fi jawo asara. Iri kashi biyu ne. Akwai tsayayye, wanda ɗansa ke kama da uwarsa shekara bayan shekara: tumatir UC82B da Roma VF, kuɓewa Clemson Spineless, kankana Sugar Baby da Kaolack, albasar Galmi, da kusan duk irin gargajiya. Akwai kuma ɗan aure, wanda ake rubuta F1 a jikin ledarsa, kamar Padma da Cobra cikin tumatirin damina. Shi ɗan aure an haɗa iyaye biyu ne da gangan, 'ya'yan farko suka fito bai ɗaya da ƙarfi. In aka ɗebi iri daga jikinsu aka sake shukawa, halayen kakanni sai su warwatse: wani dogo wani gajere, wani ya nuna da wuri wani a makare. Inda juriyar wata cuta ta rataya a kan ƙwayar gado guda, kusan ɗaya cikin kowane tsiro huɗu zai fito ba shi da ita. Zai yi 'ya'ya, ba a ce ba zai yi ba. Ga mai fangali biyu a bayan gida da ke neman na miya, wannan ba komai ba ne. Ga wanda zai zuba taki da magani da kuɗin lebura a kadada guda, caca ce. Da ido ba a bambance tumatir ɗan aure da tsayayye a kwando, sai dai a tambayi wanda ya noma shi.

Cire irin tumatir yana da ƙa'ida. Kowace ƙwaya tana lulluɓe da wani yauƙi mai hana tsira. A matse ƙwayar da ruwanta cikin kofi ko roba, a rufe da ƙyalle, a ajiye a inuwa. A zafin bazara kwana ɗaya zuwa biyu ya isa ya yi tsami, yauƙin ya narke. In ya kai kwana uku ko huɗu ƙwayar za ta fara tsira a cikin ruwan, an yi asara ke nan. Sai a ƙara ruwa a juya, mai kyau ya nutse, fanko ya taso a tsiyaye shi. A wanke sau uku, a baza a kan faranti ko buhu, a inuwa mai iska, kwana biyar zuwa bakwai. Kada a shanya a kan kwano ko siminti da tsakar rana, zafin da ke wurin yana dafa ƙwaya. Na tattasai da attaruhu ba sa buƙatar tsami, kankarewa kawai za a yi a shanya, amma a kula da hannu da ido.

Akwai kuma waɗanda ba ruwansu da ƙwaya. Dankalin Hausa yaɗonsa ake yanka, tsawon santimita 25 zuwa 30, a binne gaɓa biyu ko uku. Wanda ba shi da yaɗo ya binne dankali uku ko huɗu a wuri mai laima, cikin wata guda zuwa makonni shida zai samu abin yanka. Rogo karansa ake sarawa, santimita 20 zuwa 25 mai ido biyar zuwa bakwai, a kula kada a dasa shi kai ƙasa. Zogale reshe mai kaurin hannun yaro, tsawon mita guda, a binne kashi ɗaya cikin uku. Ya fi na ƙwaya saurin ba da ganye, sai dai saiwarsa ba ta nitsa sosai, iska kan kayar da shi. Shuwaka da na'ana'a duk da reshe suke kamawa. Albasa mai ganye a yanke saman a yi miya, a mayar da gindin ƙasa.

Gwaji kafin shuka

Ko daga ina iri ya fito, daga shago ne ko daga maƙwabci ko daga ƙasan akwati, sai an gwada akan san na ƙwarai. A ƙirga ƙwaya 20, a jera a kan tsumma mai laima, a naɗe, a sa cikin leda ba a ɗaure bakinta ba, a ajiye a inuwa. Kullum a duba, in ya fara bushewa a yayyafa ruwa. Alayyahu zai nuna kansa cikin kwana uku zuwa biyar, kuɓewa da wake da masara huɗu zuwa bakwai, tumatir biyar zuwa goma. Barkono da attaruhu masu nawa ne, a ba su mako biyu cur kafin a yanke musu hukunci. In 17 ko fiye suka tsira, iri ne mai kyau. In 12 ne, a ƙara yawan abin da za a zuba da kusan rabi. In bai kai 10 ba, ko waɗanda suka fito ma raunana ne, gara a nemi wani.

Tsohon iri ba duka yake mutuwa lokaci ɗaya ba. Na albasa shi ne mafi gajeren rai, shekara guda ya sauka. Kuɓewa da barkono sukan kai biyu, tumatir da kokwamba huɗu ko fiye, in an ajiye su a bushe a wuri mai sanyi. Masana iri suna da ƙiyasin da suke aiki da shi: duk ƙarin zafi na digiri biyar yana rage rayuwar iri da rabi, haka ma duk ƙarin laimar cikin ƙwaya na kashi ɗaya cikin ɗari. Ledar da ta yi watanni rataye a shagon kwano, rana tana dukanta, tana iya ɗauke da kwanan wata mai kyau alhali abin da ke ciki ya mutu.

Wani irin kuma lafiyarsa ƙalau, ɓawonsa ne ke hana ruwa shiga. Lalo shi ne gwani a nan. A ƙulle shi a ƙyalle, a tsoma cikin ruwan da aka sauke daga wuta yanzu na kamar daƙiƙa goma, a mayar cikin ruwan sanyi, a sha iska, a shuka a ranar. Kuɓewa kuwa jiƙa ta za a yi ta kwana cikin ruwa.

Lokacin ƙarancin kaya shi ne kakar masu jabu. Dabararsu sananniya ce: a sayi hatsin kasuwa a rina shi ja ko kore ya yi kama da mai magani, ko a tara tsofaffin gwangwanaye a sake cikawa. Hukumar kula da iri ta ƙasa, NASC, ta fito da tsarin Seedcodex, wata lamba a jikin buhu da ake kankarewa a tura ta waya a tabbatar. Inda babu wannan, a duba hatimin bakin gwangwani, da lambar rukuni, da ranar da aka gwada irin. Mai sayar da iri a buɗe da cokali, a sayi kaɗan a gwada tukuna. Irin da aka shafa wa magani guba ne, ba na ci ba ne, ba na kaji ba ne, ko da yunwar kulle ta matsa.

Nawa ake buƙata

Mutane suna sayen iri fiye da kima saboda ba sa lissafi. Giram ɗaya na tumatir yana ɗauke da ƙwaya kusan 300, na barkono kusan 150, na kuɓewa 15 zuwa 20, na alayyahu ya haura 1,000. Fili mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi, in aka dasa tumatir da tazarar santimita 60 tsakanin layi da 45 tsakanin tsiro, zai ɗauki tushe kusan 370. Giram biyu sun wadatar, har da rarar cike gurbi. Ke nan leda guda mai giram 10 ta ishi gida biyar. Wannan filin in kuɓewa ce, da tazarar 60 da 30, rami 550 ne, ƙwaya biyu-biyu, wajen giram 65. Alayyahu saboda ƙanƙantarsa a gauraya cokali ɗaya da cokali goma na busasshen yashi kafin a yafa, in ba haka ba zai fito a cunkushe kamar gashi.

Lissafin nan shi ke nuna hanyar da ta fi dacewa da unguwa a lokacin da fita ta yi wuya: mutum ɗaya mai ruwa da inuwa ya yi reno, sauran su karɓi dashe. Ranar da aka ba da damar fita, mutum ɗaya ya sayo wa kowa.

Reno

Gadon reno na damina ɗagagge ake yi, tudun santimita 15 zuwa 20 don ruwa ya tsiyaye, faɗin mita guda don hannu ya kai tsakiya ba a taka ba. Fangalin rani mai zurfi da aka saba da shi a fadama, in aka yi shi da damina tafki zai zama. Ƙasar a haɗa kashi biyu ta sama, kashi ɗaya taki da ya ruɓe sarai, kashi ɗaya yashi. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa. Zafin Afrilu da Mayu, da kowa ke kuka da shi, yana da amfani a nan: a jiƙa gadon sosai, a lulluɓe shi da farar leda mai nuna ciki, a danne gefuna da ƙasa, a bar shi mako huɗu zuwa shida. Zafin da ke taruwa a ƙarƙashi yana kashe yawancin cututtukan ƙasa da irin ciyawa. Wanda ba shi da wannan lokacin ya tara kara a kan gadon ya ƙone.

A ja layi da tazarar santimita 10 zuwa 15, zurfin santimita ɗaya, a jera ƙwaya ba a zuba ta tuli ba. A rufe da ciyawa busasshiya, da zarar tsiro ya leƙo a ɗauke ta a mayar da ita rumfa mai tsayin kamu biyu ko uku. Wanda ba shi da fili, ledar ruwan sha da aka huda gindinta, ko kwalin ƙwai, ko tsohon buhu, duk suna aiki.

Abin da ya fi kashe reno shi ne a wayi gari a ga tsirrai sun kwanta, gindinsu ya sirance ya yi baƙi daidai bakin ƙasa. Naman gwari ne na cikin ƙasa, kuma abu uku ke gayyato shi: yawan ruwa, cunkoso, da ban ruwa da yamma wanda ke kwana a jikin tsiro. A yi ban ruwa da safe, a rage tsirrai su samu iska, wanda ya kamu a tuge shi da ƙasar gindinsa. Na biyu shi ne farin ƙuda, ɗan mitsitsin ƙwaron da ke zama a bayan ganye yana ɗauko cutar da ke nannaɗe ganyen tumatir. Tsiron da ya kamu tun a reno ba zai yi abin kirki ba har ya mutu. Tsohon gidan sauro da ba shi da huda, a kafa shi a kan gadon a binne gefunansa, ya fi feshi.

Tumatir yana isa dashe a mako uku zuwa huɗu, yana da ganyen gaske huɗu ko biyar. Barkono da attaruhu da gauta sai mako biyar zuwa shida. Daga nan ake ƙirgowa baya: wanda ke son dasa attaruhu a tsakiyar Yuni, renonsa a farkon Mayu yake. Mako guda kafin dashe a rage ruwa, a janye rumfa kaɗan-kaɗan. A cire da yamma bayan an jiƙa gadon, da ƙasar saiwa a jiki. Dashen da ya wuce lokaci, ya yi tsawo ya fara fure a gado, ya riga ya tsufa, amfaninsa ba zai kai ba. Kuɓewa, kabewa, kankana da wake ba sa son dashe, kai tsaye ake shuka su.

Dashen da aka karɓo daga wani wuri a bincike shi kamar yadda ake duba dabba a kara. A tuge ɗaya a dubi saiwa: in tana da ƙulle-ƙulle kamar carbi, tsutsar saiwa ce, kuma in ta shiga fili sai a yi shekaru ana fama. A ɗaga ganye a hasken rana: farin zane a cikin ganyen tumatir alamar tsutsar nan ce da manoman Kano ke kira sharon, wadda ta cinye tumatirin Kadawa a 2016.

Itatuwa nasu daban ne. Bazara lokacin mangwaro ce, ƙwallonsa ko'ina, amma ba ya jure ajiya: cikin mako biyu a shuka shi, an fasa ɓawon a hankali an fito da ƙwayar. Ɗan gargajiya yakan fito kamar uwarsa. Manyan nan masu aure kuwa, ƙwallonsu ba ya maimaita su, sai an reni ɗan gargajiya ya kai kaurin fensir a ɗaura masa reshen wanda ake so. Irin lemo ma ba a busar da shi, daga wankewa sai ƙasa. Gwanda a murje yauƙin jikin ƙwayar, a sha iska a inuwa, a bar tushe uku a kowane rami har su yi fure, sannan a sare mazan a bar namiji ɗaya ga mata kamar goma. Dashen itace da ya daɗe a leda saboda an rasa mai saye, saiwarsa takan naɗe a gindin ledar. A yanke santimita biyu na ƙasan kafin a sa a rami, in ba haka ba bayan shekara biyu ko uku zai tsaya cak.

Irin baɗi tun a wannan daminar ake ware shi. A zaɓi tushe biyar zuwa goma mafi lafiya, a ɗaura musu ƙyalle, a hana kowa cira. Kuskuren da aka saba shi ne a ci na farko masu kyau, a bar ragowar ƙarshen kaka a matsayin iri, wato ana zaɓen makararru da raunana da hannun kai. Tattasai da attaruhu in suna kusa ƙudan zuma kan haɗa su, tattasan baɗi ya fito da yaji, don haka a raba su da nisa ko a rufe na irin da gidan sauro. Ƙwayar da ta bushe sosai, in aka ciza ta karyewa take, ba ta lanƙwasa. A zuba cikin kwalba mai murfin ƙarfe, a sa busasshen toka ko gawayi a ƙulle cikin ƙyalle ya tsotse laima, a rubuta suna da wata da shekara, a ajiye a ɗakin ƙasa nesa da bangon da rana ke duka.